Shafin da Ban Karanta Ba

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na ci. Ƙuri'a sha ɗaya da goma. Za a gina rumfar jiran bas a bakin asibiti, inda na ce, ba a ƙofar kemis ɗin Shugaba ba.

Shekara goma sha bakwai ina sakatariyar ƙungiyarmu ta taimakon jama'a, ban taɓa neman wani abu don kaina ba sai wannan. Mun yi wa makarantu fenti, mun raba barguna, mun yashe kwalbati har kafaɗata ta riƙe. Rumfa kawai na roƙa. A wurin nan na tsaya da baban yara ranar da aka sallame mu karo na ƙarshe, ruwa kamar da bakin ƙwarya, bas ta ƙi zuwa, na lulluɓe shi da mayafina muka jiƙe tare. Yau shekara huɗu. Ban faɗi wannan a taro ba, ba zan yi tallar mijina don ƙuri'a ba.

Shugaba ya yi murmushin nan nasa na jikin kalanda, ya ce, "Malama ta kayar da mu yau." Ya kaɗa ƙararrawar tashi tun ban gama rubutu ba. Cikin mu ashirin da ɗaya ni kaɗai ce ba ni da mota, amma wai su ne za su koya mini inda mutane ke jiran bas.

Nas ɗin da ke cikinmu ce ta raba gardama da ƙuri'arta. An ce wata mai zuwa za a yi mata canjin wurin aiki.

Talata, 13 ga Fabrairu

Birkila ya ce zai zo auna wurin rumfa ƙarfe tara, har sha ɗaya ba shi ba labarinsa. Na zaro tef ɗina na auna wurin da kaina. Baba mai gyaran takalmi ne ya riƙe mini ɗaya bakin.

Tun kafin in aurar da 'yata yake zaune a nan, jingine da katangar asibiti, ƙarƙashin wata laima da ta fi shi faci. Duk mai jiran bas sai ya miƙa masa wani abu, ko goge, ko ɗinki, ko dunduniya. Shi ne ya tashi ya ba baban yara 'yar kujerarsa ranar ruwan nan, shi ya tsaya. Na ɗauka ya manta, ashe a'a. Ya ce, "Allah ya jiƙan maigidanki. Mutum ne da ba ya barin takalmi ya mutu da sauƙi. Sau biyar na sa wa ƙafa ɗaya dunduniya." Na yi dariya, na juya baya na share ido.

Da muka gama ya taka ƙafarsa a kusurwar hagu, ya ce, "Nan zan zauna, Malama. Da yamma rana ba ta bugun nan." Na ce Allah ya kai mu.

Asabar, 9 ga Maris

Wankin mota don tara kuɗin rumfa. Tun bakwai muke filin makaranta da bokitai da soso. Mu mata biyar da samari masu sa kai muka wanke mota talatin da wani abu, hannuwana sun yi fari sun yamutse. Shugaba ya iso ƙarfe sha biyu cikin rigar ƙungiya sabuwa fil, har da layin guga. Ya karɓi sosona, ya ɗora a kan gilashin wata mota da na riga na wanke, mai hoto ya ɗauka, ya miƙo mini abina ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba ya rufe sana'arsa ya zo da akwatinsa ba wanda ya gayyace shi. Masu mota na jiran a gama wanki, shi kuma yana goge musu takalma. Da za a tashi ya juye duk abin da ya samu cikin gwangwanin taimako, bai ko duba ba. Ma'aji ta ce masa ya rage na abinci, ya ce, "Ɗakina nake ginawa."

Mai hoto ya riga ya tafi a lokacin.

Juma'a, 15 ga Maris

Nas ta tafi. Yanzu in an sake ƙuri'a goma da goma ne, kuma Shugaba ke raba gardama.

Talata, 26 ga Maris

Takardar izini ta fito daga ofishin tsara gari. Wata biyu ina sintiri, masinjansu har ya san jakata. Na buɗe ta a cikin bas ina murna kamar wadda ta ci jarrabawa.

Shafi biyu ne. Na farko amincewa, da hatimi, da sa hannu. Na biyu sharuɗɗa. Tsawo kaza, kwano iri kaza, kada a toshe magudanar ruwa. Sharaɗi na shida: ba a yarda da kowace irin sana'a ko talla a cikin rumfar ba, ko a cikin mita ashirin daga gare ta, daga ranar da aka buɗe.

Na karanta sau uku. Mita ashirin ta cinye katangar asibitin duka, har kwana.

Ga inda gizo ke saƙar. A tsarin mulkin ƙungiya akwai doka ta tara: duk aikin da zai taɓa abincin wani, sai an dawo da shi taro an sake ƙuri'a. Ni na rubuta ta da hannuna shekara goma sha bakwai da suka wuce, ina ji da kaina, har aka tafa mini. In na kai maganar nan taro, rumfa ta tafi ƙofar kemis, inda bas ba ta tsayawa sai in direba na neman maganin mura.

Na wuce tashata ban sani ba, sai da na dawo da ƙafa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Al'adarmu ce sakatariya ta karanta wasiƙun da suka shigo da ƙarfi, sannan ta sa a fayil. Ba wanda ya taɓa cewa in ba shi ya gani. Rabinsu ma suna kan waya lokacin.

Na miƙe na karanta shafi na farko. Aka tafa. Shugaba ya ce, "Shi ke nan, Malama?" Na ce, "Sauran bayanin gini ne, na birkila." Ya kaɗa ƙararrawa aka shiga maganar shayin taro mai zuwa, wa zai kawo madara.

Ba ƙarya na yi ba. Biyar cikin shida bayanin gini ne.

Kuma wa ke bin doka a garin nan? Akwai allon da ya hana ajiye mota a gaban banki, motoci sun rufe allon. Za su manta. Ma'aikatan nan ba sa fitowa ofis in rana ta yi zafi.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ban fita ba. Ciwon kai.

Asabar, 20 ga Afrilu

Tattakin neman taimako, kilomita shida, daga filin makaranta zuwa bakin asibiti. Kowa ya samo masu ba da wani abu a kan kowace kilomita. Na taka duka shidan da gwiwar nan tawa. Shugaba ya taka ta farko da ta ƙarshe, tsakiyar kuma yana cikin mota wai yana kula da ruwan sha. Ruwan ma ya ƙare a ta uku.

Mun iso a jigace. Takalman mutum huɗu sun buɗe baki, har da na Ma'aji da ta saya jiya don ranar. Baba ya zaunar da su a layi ya ɗinke, ya ƙi karɓar ko sisi. Nawa lafiyarsa ƙalau, na tsaya can nesa ina naɗe tuta. Sai ga shi ya taso da basilla a hannu, ya zo har inda nake.

Ya ce, "Malama, kusurwar hagun nan tana nan ko?"

Na ce, "Ina za ta je, Baba?"

Ya dube ni, ya ce to, ya koma ya zauna. Tsufa ne, ya fara maimaita magana.

Asabar, 4 ga Mayu

Taron allo. Awa biyu a kan abin da za a rubuta a jikin ƙarfe mai faɗin littafi da za a kafa a rumfar. An tsaya a kan sunan ƙungiya, da shekara, da "a zamanin jagorancin" wane. Zamanin jagoranci! Mutumin da ya kaɗa ƙuri'ar kada a gina ta a nan.

Ma'aji ta ɗaga hannu ta ce ko za a sa sunan Malama tunda ita ta kawo shawara. Shugaba ya ce mu ai don Allah muke yi, ba don suna ba. Ya faɗi haka ana rubuta nasa sunan da manyan baƙaƙe. Ni ce ma mai rubutawa. Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi da ƙarfi har biro ya huda takarda.

Raina ya ɓaci sosai, har yanzu a ɓace yake. Ba sunana nake so ba. Na so a ce wani ya tambaye ni me ya sa na nace a kan wurin nan, ko mutum ɗaya.

Litinin, 13 ga Mayu

An fara aiki. Baba ya ja akwatinsa gefe don a samu wurin juye yashi. Shi ke gadin siminti in birkila ya tafi cin abinci, shi ke nuna wa mai walda inda ruwa ke taruwa in an yi sama. Birkila na kiransa injiniya.

Na canza hanya. Yanzu ta bayan asibiti nake zuwa duba aiki, in leƙa daga ƙofar ma'aikata in juya.

'Yata ta kira da yamma. Na faɗa mata maganar sharaɗi na shida, ban san me ya kai bakina ba. Ta ce, "Mama, ke fa kika dake ni a kan na ɓoye sakamakon jarrabawa." Na ce wannan daban. Ta ce, "Ki faɗa masa kawai, ko ya samu lokacin neman wani wuri." Na ce ina da tukunya a wuta. Yaran zamani, daga nesa komai mai sauƙi ne.

Zan faɗa masa in an sa kwano.

Alhamis, 30 ga Mayu

An sa kwano.

Asabar, 8 ga Yuni

An buɗe. Kujerun haya, lasifika mai kuka, ruwan leda, jawabi huɗu. Shugaba ya ce tun yana yaro yake mafarkin ganin inuwa a wurin nan. Wani babba daga ofishin tsara gari ya yanke kintinkiri. Aka kira ni in riƙe faranti.

Gaskiya ta yi kyau. Benci biyu dogaye, kwano shuɗi, ƙasa da siminti mai santsi. Wata mai ciki ta fito daga asibiti ana tsakiyar jawabi, ba ruwanta da taro, ta samu wuri ta zauna ta sauke numfashi. Na ce a raina, ka gani, baban yara. Wannan minti ɗayan shi ne nawa a cikin wata huɗu.

Baba ya sa riga wankakka. Bai kawo akwati ba, ya tsaya a baya da hannuwa a goye. Ba a kira shi hoto ba, ni ma ban kira shi ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Sun fito. Rana na zafi, amma sun fito.

Mai sayar da katin waya a tsallaken titi ne ya ba ni labari. Ya ce da safe Baba ya zo ya ajiye akwati a kusurwar hagu, ya zauna kamar minti goma. Ma'aikatan tsara gari biyu suka zo da takarda. Ba su yi masa tsawa ba, shi ma bai yi gardama ba. Ya naɗe laimarsa, ya ɗora akwati a ka, ya bi ta wajen kasuwa. Wai har ya share wurin kafin ya tafi.

Laraba, 12 ga Yuni

Laifin ofishin ne. Wane mai hankali ke rubuta mita ashirin? Laifin Shugaba ne, da bai sa ido a kan rumfar ba da na kai maganar taro ba tare da tsoro ba. Laifin Nas da ta tafi. Laifin mutum goma sha tara da ba su taɓa cewa a ba su takarda su karanta ba, suna zaune kamar buhunan gawayi.

Na rubuta wannan duka na karanta, bai sa na ci abinci ba. Laifi tudu ne, na sani, ni na koya wa yara karin maganar a aji huɗu.

Ma'aji ta kira tana tambaya ko na ji abin da aka yi wa tsohon nan, wai abin tausayi, wai da mun sani. Na ce eh, da mun sani.

Laraba, 19 ga Yuni

Na gano inda yake. Bayan kasuwa, lungun da ake zubar da kwalaye, kusa da magudana. Ba mai bi ta nan sai masu baro da masu neman wurin fitsari. Na tsaya bayan wani shago kusan rabin awa ina kallo. Mutum ɗaya ya zo, shi ma ashana ya tambaya. Baba na ta jera buroshi yana sake jerawa.

Na koma gida ban gaishe shi ba.

Talata, 25 ga Yuni

Abin da na yi yau, ko 'yata ba za ta ji shi ba.

Na duba takalmana kaf, ba wanda ya lalace. Na ɗauko baƙin nan na zuwa taro, na sa almakashi na yanke maɗaurinsa. Na ɗauko silifa biyu na yi musu haka. Na zuba a leda na tafi lungun, na yi sallama kamar hanya ce ta biyo da ni.

Ya amsa da fara'a, ya tambayi gwiwata. Ya zaro baƙin ya juya shi, ya kai kusa da ido, ya shafa bakin yankan da babban yatsa. Ya duba silifan su ma.

Ya ce, "Malama, takalmi in ya tsinke da kansa, bakinsa gashi-gashi yake yi. Wannan almakashi ne."

Na ce jikana ne, ɓarna gare shi. Ya ce, "Allah ya shirya shi." Jikana yana wani gari, kuma ya sani.

Ya zura zare ya fara ɗinki, ni ina tsaye. Na buɗe baki na ce, "Baba, akwai wata magana a takardar izinin nan..." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ta shida." Na ce wa ya faɗa masa.

Ya ce tun watan uku, kafin takardar ta fito, ma'aikacin da ya zo duba wurin ya faɗa masa. Ya ce masa sakatariyar ƙungiya za ta zo ta yi maka bayani, ƙila su nema maka wani wuri. "Sai na ce to, Malama ce, za ta zo. Ranar tattaki na ga kin yi nisa, na ce bari in kawo miki kaina, ko nauyin tahowa ne ya hana ki."

Na ce me ya sa bai yi magana ba, ya kai kuka taro, doka tana bayansa. Ya ce ya san dokar, Ma'aji ta taɓa faɗa masa ni na rubuta ta. Ya ce, "Da na yi magana da rumfar ta tafi. Ni ma ina wurin ranar ruwan nan, na ga yadda mutumin nan ke rawar sanyi. Rumfar ba ta dame ni ba, da kin tambaye ni da na ce a gina. Tambayar ce ba ki yi ba."

Ya gama, ya goge baƙin har yana ƙyalli. Na miƙa masa takardar kuɗi babba na ce ya riƙe canji. Ya ƙirgo canjina daidai ya sa mini a cikin ledar.

Asabar, 6 ga Yuli

Taro. Da aka zo wasiƙu na miƙe na karanta shafi na biyu, tun daga ɗaya har shida, na faɗi ranar da ya shigo hannuna. Ihu bayan hari. Ma'aji ta ƙi kallona. Shugaba ya ce aikin gama ya gama, kowa na kuskure, za a duba yiwuwar kai wa tsohon buhun shinkafa a zo da mai hoto. Na ce ba zai karɓa ba. Aka ce to a bar shi, aka shiga maganar madara.

Ban ajiye muƙamin ba. Ba wanda ya nema, kuma ba wanda zai iya.

Litinin, 15 ga Yuli

Likita ya ce in riƙa tafiya da safe saboda gwiwa. Shi ya sa nake fita, ba wani abu ba. Daga gida zuwa rumfa, in huta, daga rumfa zuwa bayan kasuwa, in dawo. Hanya ce mai kyau, ba hawa.

Tunda ina zaune a rumfar, mutane kan tambaya ina tsohon nan mai takalmi. Sai in ce yana nan, in suna so su kawo in kai, gobe su karɓa a nan. Sharaɗi ya hana sana'a, bai hana tsohuwa zama da jaka a kusurwar hagu ba. Ranar farko ƙafa biyu. Yau tara, har da na wani likita. Jakar na wari, 'yata ta ce in sayi wata, na ce ta kula da gidanta. Shugaba ya wuce a mota ya rage gudu ya dube ni, na ɗaga masa wani kambas.

Na kai wa Baba wajen ƙarfe goma. Ya zazzage jakar a gabansa. Kafin ya taɓa zare sai da ya ɗauki takalman ɗaya bayan ɗaya, ya kai kusa da ido, ya shafa bakin kowane tsinkewa da yatsa. Duka taran. Haka yake yi kullum, a gabana, ba ya ɓoyewa.

Na tsaya har ya gama. Bai ce in zauna ba tukuna.

Gobe ƙarfe bakwai.